Tsohuwar Amfilifayar Jitar Bes Ta Gwanjo: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duk mai kaɗa jitar bes, ko a majami'a yake a Jos da Kaduna, ko cikin ƙungiyar mawaƙan biki a Yamai, ko a ɗakin ɗaukar sauti a Kano, ya san jitar ba ta da murya sai da amfilifaya. Sabuwa mai kyau kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu farawa. Shi ya sa ido ke komawa kan ta gwanjo, wadda ake kira Beljiyam, irin waɗanda ke shigowa ta Legas da Kwatano. Da yawa cikinsu ƙirar shekarun 1970 zuwa 1990 ne, masu aiki da tiransisto maimakon bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ɗaukar zafi irin na tsohuwar rediyo.

A kan waɗannan na'urori mutane sun rabu gida biyu. Masu kushewa na cewa tarkace ne da Turawa suka zubar. Masu sayarwa kuwa su ce maka da tsohuwar zuma ake magani. Kowane ɓangare ya gauraya gaskiya da ƙarya, kuma mai ƙaramin aljihu ne ke kwana a ciki idan bai tantance ba. Ga maganganun da aka fi ji, da matsayin kowacce.

“Mai tiransisto ta 'yan koyo ce, ƙwararru da bawul suke aiki”

Ƙarya ce. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Acoustic na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar da samfurin 360, mai tiransisto zalla, mai ƙarfin wat 200 da lasifika mai faɗin inci 18. Da ita Jaco Pastorius ya yi suna, John Paul Jones na ƙungiyar Led Zeppelin ma ya yi aiki da ita. A 1982 kamfanin Gallien-Krueger ya fitar da 800RB, wadda Duff McKagan na Guns N' Roses ya riƙa hawa dandamali da ita. A Ingila kuma Mark King na Level 42 ya ɗaukaka sunan Trace Elliot.

Abin da ke gaskiya shi ne, idan aka matsa wa mai bawul, sautinta kan dusashe a hankali cikin daɗi, mai tiransisto kuwa idan ta kai maƙura sai ta yi ƙarar tsagewa. Amma mai kaɗa bes ya fi buƙatar sauti mai kauri, garau, wanda ba ya rugujewa, kuma a nan tiransisto ba ta da na biyu a farashinta. Ampeg SVT ta 1969, sarauniyar masu bawul, kanta kawai, ban da akwatin lasifika, ya kusa kilo 40, kuma sauya mata manyan bawul guda shida na iya cin kuɗin da zai sayi tsohuwar mai tiransisto sukutum.

“Ƙirar da ce, ba ta lalacewa”

Rabi gaskiya, rabi cika baki. Kamfanin Peavey, wanda Hartley Peavey ya kafa a garin Meridian na jihar Misisipi a 1965, ya ƙera samfura irin su TNT da TKO da Mark III da har yau suna aiki bayan shekara arba'in. Ita tiransisto ba ta ƙarewa da amfani kamar yadda bawul ke ƙarewa. Sai dai ba tiransisto kaɗai ke cikin akwatin ba.

Manyan kafasito masu tace wuta suna da ruwan sinadari a ciki, yana bushewa da shekaru, zafi kuma na hanzarta bushewar. Alamar ita ce gurnani mai kauri da ke fita ko da an rage ƙarar gaba ɗaya. Maɓallan murɗawa kan tara ƙura su riƙa ƙarƙara, abin da hunturu ke tsanantawa. Ramukan da ake sa waya kan yi tsatsa, sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Dalmar da aka liƙa sassa da ita kan tsattsage saboda girgizar lasifika. Duk waɗannan ciwon tsufa ne, ba ajali ba, mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai magance su. Amma kuɗin gyaran ya kamata ya fita daga farashin tun wajen ciniki.

“Ga ta nan ta kawo wuta, lafiya lau take”

Wannan ce dabarar da aka fi cin mutane da ita. Fitilar gaba ta kama ba ta nuna komai ba sai cewa fiyus na da rai. Ka je da jitarka da wayarka. Ka bar na'urar a kunne kana kaɗawa da ƙarfi na aƙalla rabin awa, domin laifuffuka da yawa ba sa bayyana sai jiki ya ɗumama. Ka murɗa kowane maɓalli, ka gwada kowane rami. Ka daɗe kan tsirkiya mafi kauri: sautinta yana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, shi ke tona asirin lasifikar da ta yage ko take gogar ciki. Idan akwai fanka, ka tabbata tana juyawa. Ka shinshina bayan akwatin. Warin ƙuna ba ya ɓuya.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi duka muhimmanci, kuma mita ƙarama ta masu gyara ta isa. A cire lasifika, a kunna, a auna wutar DC a mafitar lasifikar. Ya kamata ta tsaya dab da sifili. Idan mita ta nuna bolt ɗaya ko fiye, balle gommai, akwai matsala a sashen ƙarfi, kuma irin wannan na'ura na iya ƙona kowace lasifika da aka haɗa mata cikin ɗan lokaci.

“Wat ɗinta ya ninka na waccan, don haka ƙararta ta ninka”

Ba haka kunne ke aiki ba. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kawai yake kawowa, wanda za ka ji amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Sau da yawa lasifika mai kyau a babban akwati ta fi ƙarin wat tasiri.

Sannan ka lura da lambar da ake nuna maka. Wadda ke rubuce a baya kusa da wayar wuta, adadin wutar da na'urar ke sha ne, ba ƙarfin da take fitarwa ba. Lambar da aka rubuta da PMPO ta talla ce. Wadda za ka amince da ita ita ce ta RMS, tare da adadin om da aka auna ta a kai.

“Kowace lasifika za ka iya jona mata, ko nawa ne”

Ƙarya mai tsada. Kowace amfilifaya mai tiransisto tana da ƙaramin adadin om da ba ta jure a sauka ƙasa da shi, galibi om 4, kuma a rubuce yake a baya. Akwatin lasifika biyu masu om 8 idan aka jona su a ramukan baya sun koma om 4, babu laifi. Biyu masu om 4 kuwa sun koma om 2. Na'urar da ba a ƙera ta don haka ba za ta ɗauki zafi, ta riƙa kashe kanta, ko tiransistocin su ƙone.

Hawa sama ba ya cutarwa, ƙarfi ne kawai ke raguwa: babban sashen 800RB yana ba da wat 300 a om 4, amma 200 a om 8. Haka kuma kunna mai tiransisto babu lasifika yawanci ba ya yi mata illa. Gargaɗin kada a kunna babu lasifika na masu bawul ne, aka ɗora wa kowa.

“Filogi kawai za a canza mata”

A cikin duk maganganun, wannan ce ta fi haɗari. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Japan 100, a Najeriya da Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 230. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka idan aka soka ta kai tsaye a bangonmu, in an yi sa'a fiyus ya ƙone, in ba a yi ba tiransifoma da kafasito su tafi tare. Kafin komai ka karanta farantin baya. Wasu suna da maɓallin sauya bolt, wasu ana iya sauya haɗin tiransifomarsu a ciki, sauran sai an saya musu tiransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da suke sha. Waɗanda aka ƙera don Ingila da Turai, irin su yawancin Trace Elliot da Laney da Carlsbro da HH da ke zuwa daga can, sun dace da wutarmu.

Akwai kuma ƙaramin bambanci da ba a cika faɗa ba. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, saboda haka tiransifomar da aka ƙera don can ta fi ɗaukar zafi a nan. Ka ba ta iska, kada ka manna bayanta da bango. Idan da janareto za ka yi aiki, ka jira ya daidaita kafin ka kunna, ka kashe na'urar kafin a kashe shi. Kada ka yarda a karye ƙafar filogi ta uku don kashe gurnani: ita ke kare ka, domin tsirkiyoyin jitar a haɗe suke da jikin amfilifaya, kai kuma hannunka na kansu. Idan ka ga an naɗe fiyus da waya ko takardar sigari, ka san an ɓoye wani ciwo ne. Kuma kada ka buɗe ta da kanka: manyan kafasito na iya riƙe wuta bayan an zare filogi.

“Idan ta lalace babu kayan gyaranta”

Galibi ba gaskiya ba ne. Yawancin ƙirar wancan zamani da sassa ɗai-ɗai aka haɗa su, waɗanda ake cirewa a sa wasu, kuma tiransisto irin 2N3055 har yau ana samunta. Matsala biyu ce ta gaske. Ta farko, na jabu sun cika kasuwa, suna mutuwa da zarar an matsa musu. Ta biyu, wasu na'urori sun dogara da sassan da aka daina ƙerawa, kamar ƙunshin STK na Sanyo da tsofaffin MOSFET na Hitachi. Shi ya sa zuwa da mai gyara wajen saye ya fi kiran sa bayan an biya.

“Tsohuwa kullum ta fi araha”

Ba kullum ba. Acoustic 360 ta zama kayan masu tara tarihi, farashinta ba na mai neman sauƙi ba ne. Araha tana wajen sunayen da ba a yayi, irin su tsofaffin Peavey da Carlsbro da Yamaha. Ka kuma lissafa nauyi: akwatin haɗe mai lasifikar inci 15 yakan haura kilo 30, alhali sabbin ƙanana na zamani ana ɗauka da hannu ɗaya. Wanda zai riƙa hayar a-daidaita-sahu duk mako don kai ta wurin aiki, wannan ma kuɗi ne.

Hukunci dai shi ne: tsohuwar amfilifaya mai tiransisto saye ne mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin ta dace da wutarmu, ta ci gwajin rabin awa, mita kuma ta wanke ta. Ka haɗa kuɗin saye da na gyara da na tiransifoma kafin ka ce ka yi riba. Duk mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayarsa ka ƙara gaba.