Tashe da Faɗuwar Rediyo Mai Waya a Garuruwan Lardi: Misalin Zariya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani nau'in gidan rediyo da ya shuɗe, wato rediyo mai waya, tare da nuna muhimmancinsa ga masu nazarin harshe.

2.0 Asali da Yaɗuwa

A shekarar 1932 aka fara kama shirye-shiryen BBC a Legas, sannan a 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tsarin rarraba su ta waya, wanda aka sani da RDS. Tsarin ya isa Ibadan a 1939, ya isa Kano a 1944, inda aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a kamar ɗakin karatu da gidan waya. Kafin ƙarshen 1949 Zariya ta samu nata gidan, tare da Jos da Kaduna.

3.0 Yadda Yake Aiki

Gidan kan kamo shiri daga London, sai ya tura shi ta wayoyin da aka ja bisa turaku zuwa akwatunan da aka rataye a gidajen masu biyan kuɗin haya. Mai akwati ba ya da zaɓin tasha; iyakarsa ya ƙara murya, ya rage, ko ya kashe. Sai dai akan ware wasu sa'o'i domin shirye-shiryen gida, kamar labarai da sanarwar En'e da kiɗan gargajiya. A nan Hausa ta shiga bakin lasifika, tun kafin BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957. Ke nan a Zariya, mazaunin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, rubutacciyar Hausar labarai da ta baka sun tashi ne kafaɗa da kafaɗa.

4.0 Dalilan Faɗuwa

Abubuwa biyu suka karya wannan tsari. Na farko, an kafa NBS a 1951, wadda ta rikiɗe ta zama NBC a 1957, aka mayar da hankali ga watsa shiri ta iska. A 1962 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna. Na biyu, ƙaramar rediyo mai batir ta wadata a kasuwa, ta ba manomi da makiyayi damar sauraron tashar da suka ga dama ko da suna ƙauyen da waya ba ta kai ba.

5.0 Kammalawa

Yawancin shirye-shiryen irin waɗannan gidaje kai tsaye ake watsa su, don haka babban rumbunsu shi ne ƙwaƙwalwar dattawan da suka saurara. Duk mai son gano yadda aka fara sarrafa kalmomin aro da fassarar labarai a Hausa, wajibi ne ya kai ga waɗannan dattawa da takardun da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna tun lokaci bai ƙure ba. Alhakin wannan aiki yana wuyan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu.