Dinarin Azurfa na Rumawa da Surar Sarakunansu

Duk wanda ya karanta babin zakka ya san dinari, amma kaɗan ne suka san asalin sunan. Daga birnin Rum ya fito. A can aka fara buga kuɗin azurfa mai suna dinariyus, wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sa'ad da Rumawa ke yaƙi da Hanibal. Nauyinsa ya ɗan ɗara miskali guda, kuma a bakin kwabban tagulla 10 yake, shi ne ma'anar sunan.

Da fari ba a sa fuskar mai rai a kansa. Yuliyus Kaisar shi ya karya wannan al'ada a shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a shekarar aka kashe shi. Burutus, ɗaya daga cikin makasansa, ya buga nasa kuɗi da surar wuƙaƙe biyu, yana alfahari da abin da ya aikata. Agustus kuwa, da ya ci Masar, sai ya sa surar kada a bayan kuɗinsa. Ta haka kuɗi ya zama sanƙiran sarki: talakan da bai taɓa ganin fada ba ya ga fuskar sarkinsa a tafin hannu, ya ji labarin nasararsa.

To, amma sura ba ta hana algus. A shekarar 64 Miladiyya sarki Niro ya rage nauyin dinarin, ya gauraya azurfar da jan ƙarfe. Magadansa suka bi sawu don biyan sojoji. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi a bakin dinari 2, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin shekarar 270 azurfar cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Mutane suka binne tsofaffin kuɗi masu kyau, kaya suka yi ta tsada.

Sunan dai bai mutu ba. Larabawa suka gaje shi, suka ɗora wa kuɗin zinariya. A shekara 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari babu sura, sai rubutu zalla.

Fatake su lura: kuɗi amana ne tsakanin mai mulki da jama'a. Ranar da aka ci amanar, kambin da ke kan sarki a jikin kuɗin ba ya ƙara masa ko ƙwayar hatsi a ma'auni.