Yadda Ake Wanke Faifan Garmaho a Gida

Duk ɗalibin da ya tashi nazarin waƙar baka yana buƙatar jin kalmomin mawaƙi daga bakinsa. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a faifan garmaho aka fara sayar da su kafin kaset ya ture shi. Har yanzu akan sami irin waɗannan faya-fayai a gidajen dattawa a nan Lafiya, ƙurar hunturu ta cika su. Sauti yana kwance ne cikin siririn ramin da ya kewaye faifan, wanda allura ke bi. Idan ƙura ta toshe shi sai a riƙa jin ƙaras-ƙaras, kalma ta ɓace, mai rubuta waƙar ya koma yin kintace.

Kafin ka jiƙa faifai, ka fara sanin irinsa, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti yana da nauyi, kuma yana fashewa kamar tangaran. Da shalak aka yi shi, wani ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, kuma sifirit yana narkar da shi. Na baya, mai juyi 33 da sulusi wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka a 1948, da ƙarami mai juyi 45 na kamfanin RCA a 1949, da roba aka yi su, ba su da nauyi, suna ɗan lanƙwasawa. Yawanci adadin juyin yana rubuce a takardar tsakiya.

Ruwan wankin shi ne tataccen ruwa, irin wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota, amma ka tabbatar ba wanda aka haɗa da asid aka ba ka ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri-gishiri a ramin idan sun bushe. A zuba ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanoni a cikin lita guda. Wasu kan ƙara ɗan sifirit idan faifan na roba ne. Ni dai ban cika so ba, domin a akwati ɗaya akan sami iri biyun a cakuɗe. Kananzir da fetur da garin sabulun wanki kuwa kada ma su kusanci wurin.

A fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Sannan a kwantar da faifan kan tawul mai tsabta, a jiƙa ƙyalle mara gashi, a matse, a riƙa gogawa a kewaye yadda ramin ya bi, ba a gicciye ba. A kiyaye takardar tsakiya, don a kanta sunan mawaƙi da na waƙa da lambar faifai suke, abubuwan da mai bincike zai kafa hujja da su. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a tsaye cikin inuwa. Ranar Lafiya ta watan Maris tana iya tanƙwara faifan roba. Sai ya bushe sarai za a saka shi cikin sabuwar riga ta takarda, domin tsohuwar cike take da ƙurar da aka wanke.