FASHIN BAƘI: Abin da ya sa komawa gudun famfalaƙi bayan jinya ke kayar da gwanaye

Ranar 29 ga Satumba, 2019, Kenenisa Bekele na ƙasar Habasha ya kammala gudun famfalaƙi na birnin Berlin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41. Daƙiƙa biyu kacal suka raba shi da tarihin da Eliud Kipchoge na Kenya ya kafa a kan wannan hanyar shekara guda kafin nan. Abin da ya ɗaure wa masu bibiyar wasan kai shi ne halin da ya fito daga ciki: ya kasa kammala tseren Berlin na 2017, ya kasa kammala na Amsterdam a 2018, kuma da yawa sun riga sun shafa wa aikinsa fatiha.

Bayan shekara guda, ana saura kwana biyu a yi tseren Landan na 2020 inda duniya ke jiran karonsa da Kipchoge, sai ya janye. Tsokar sharaɓarsa ta hagu ce ta motsa, kuma shi da kansa ya alaƙanta hakan da atisaye masu zafi guda biyu da ya yi kusa da juna.

Mutumin da ya ci zinare uku a gasar Olamfik, yake da likitoci da masu horarwa a gefensa, shi ma lissafin dawowa yana kuɓuce masa. Dalilin yana cikin yadda jiki ke rasa ƙarfi da yadda yake maido da shi, domin sassan jiki ba sa tafiya da sauri ɗaya.

Abin da hutu ke cinyewa

A 1984 masanin motsa jiki Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka sun bibiyi wasu horarrun 'yan wasa da suka daina atisaye baki ɗaya. Iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100 a makonni uku na farko, ta kuma tsaya a kan ragin kusan kashi 16 bayan kimanin wata biyu. Babban abin da ke jawo faɗuwar farko shi ne raguwar ruwan jini, wanda ke sa zuciya ta tura jini kaɗan a kowane bugu.

Wannan asarar ana cike ta da wuri. Da zarar mutum ya koma motsi, ruwan jini yana ƙaruwa cikin kwanaki, numfashi ya fara daidaita cikin 'yan makonni. Wanda ya yi jinyarsa yana tuƙa keke ko ninƙaya ma ba ya rasa da yawa tun farko.

A nan tarkon yake. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba su da wannan saurin. Jijiyar agara, wadda ke haɗa sharaɓa da dunduniya, jini kaɗan ne ke ratsa ta, don haka sabuntawarta aikin watanni ne. Shi kuma ƙashi, idan aka ɗora masa sabon nauyi, sai ya fara rushe tsohon sashe kafin ya gina sabo, kuma zagayen yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. A tsakiyar wannan aikin ƙashin ya fi rauni fiye da yadda yake a farko. Saboda haka akan kai wani mako, sau da yawa cikin wata na biyu, da mai gudu zai ji ƙirjinsa wasai, zuciyarsa na neman ƙari, alhali ƙaurinsa bai shirya ba. Kowane taku a guje yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma mai gudu na gama-gari yana yin taku sama da 30,000 kafin ya cinye kilomita 42.195. Ƙaramar tsaga a ƙashi ba ta buƙatar faɗuwa ko karo. Maimaici kaɗai ya ishe ta.

Shi ya sa masu nazarin raunin 'yan gudu suka daɗe da lura cewa babu abin da ke hasashen sabon rauni kamar tsohon rauni.

Yadda ake hawa tsanin

Ba kowane ciwo ne ke da jadawali ɗaya ba. Tsagewar ƙashin ƙauri ta gefen ciki takan warke cikin mako shida zuwa takwas na barin gudu. Tsagewar wuyan ƙashin cinya, ko ta wani ƙaramin ƙashi da ke tsakiyar ƙafa ta sama, sha'aninta daban ne: jini bai wadace su ba, suna iya kaiwa ga sandar guragu na makonni ko ma tiyata, kuma wanda ya yi musu gaggawa yana iya rabuwa da gudu har abada. Hoton asibiti ne ke bambance su, kuma hoton farko na ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai sai bayan mako biyu ko uku.

Ciwon agara kuwa hutu zalla ba ya warkar da shi. A 1998 wani likita ɗan Suwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa tsarin da har yau ake kafa hujja da shi: mutum ya tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ya riƙa sauke dunduniya a hankali, sau 180 a rana, har mako goma sha biyu. An sassauta tsarin daga baya, amma tushensa bai canza ba. Jijiya tana ƙarfafa ne idan an ɗora mata nauyi daidai gwargwado.

Matakin farko da likitocin gashin ƙashi suka fi amfani da shi mai sauƙi ne: mutum ya iya tafiyar rabin awa da sauri ba tare da ciwo ba, ya kuma iya tsalle da ƙafa ɗaya a kan ƙafar da ta ji rauni. Daga nan sai haɗa tafiya da sassarfa, minti ɗaya na gudu, 'yan mintoci na tafiya, ana tsallake rana. Alƙalin shi ne safiyar gobe. Idan ciwon ya ƙaru bayan kwana, an wuce gona da iri. Nisa ake fara ƙarawa, sauri da hawan tudu su zo daga ƙarshe, kuma ba a ƙara biyu a mako ɗaya. Shirin famfalaƙi na mako 16 zuwa 20 yana farawa ne bayan an gama wannan duka. Lissafa makonnin jinya a cikinsa yaudarar kai ce.

Akwai wata ƙa'ida da ta yi suna, wai kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan mako. Wani bincike da aka yi a Groningen ta ƙasar Holan, aka wallafa a 2008, ya gwada ta a kan sababbin masu gudu sama da 500. Waɗanda suka bi ta da waɗanda ba su bi ba, kusan kashi 20 cikin 100 na kowane ɓangare suka ji rauni. Ƙa'idar tana da amfanin taka wa mai zumuɗi birki, amma ba laya ba ce.

Sai kuma batun ciki. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ayyana matsalar ɗan wasan da abincinsa bai kai aikin da yake yi ba a matsayin larura mai zaman kanta. Tana raunana ƙashi, a wajen mata kuma ɗaukewar al'ada na daga alamominta. Mai jinyar da ya ga ya yi ƙiba ya rage cin abinci daidai lokacin da ya ƙara nisa, ya haɗa wa ƙashinsa zafi biyu.

Wa ke biyan kuɗin haƙuri?

Kafin Berlin ta 2019, Bekele ya shafe makonni a Nijmegen ta Holan, inda kamfanin wakilinsa Jos Hermens yake, ana kula da abincinsa da gashin jikinsa. Haƙurin da ya yi yana da masu ɗaukar nauyinsa.

Yawancin 'yan gudun Afirka ba su da wannan gatan. Kuɗin shigarsu na zuwa ne daga ladan halarta da kyautar nasara, kuma ƙwararre ba ya wuce tseren famfalaƙi biyu ko uku a shekara. Rasa guda ɗaya na iya zama rasa rabin abincin gida. A Najeriya, inda 'yan Kenya da Habasha ke lashe manyan kyaututtukan tseren Legas tun da aka fara shi a 2016, 'yan gida, waɗanda da yawansu daga tsaunukan Filato suke fitowa, suna fafatawa ne a kan kason da aka ware musu. Ga wanda zai biya kuɗin hoton asibiti daga aljihunsa, shawarar ya huta wata uku magana ce mai tsada, kuma kantin magani ya fi asibiti kusa. Ƙwayar kashe zafi kuwa tana toshe alamar da ake dogara da ita wajen auna ko an wuce iyaka. Tun daga 1 ga Janairu, 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa, don haka mai shan ta yana cacar ƙafarsa da kuma izininsa na shiga tsere.

Bekele dai ya sake dawowa. A watan Disamba na 2023, yana da shekara 41, ya yi awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 19 a Valencia, ya kuma rage daƙiƙa huɗu a kai a Landan cikin Afrilun 2024, inda ya zo na biyu. Bayan wata huɗu, a Olamfik ta Paris, ya ƙare a matsayi na 39.