Ciwon Baya Mai Daɗewa: Tausa Da Na'urar Motsa Ƙwaƙwalwa

Idan ciwon ƙugu ko ƙasan baya ya wuce wata 3 bai tafi ba, shi ake kira mai daɗewa. Ana yawan ganinsa ga manoman rani na yankin madatsar ruwa ta Zobe a Dutsin-Ma, da matan ƙauyukan Kurfi masu daka da jan ruwa a rijiya ga goyo a baya, musamman bayan haihuwa.

A sashen gashin ƙashi na asibiti, ma'aikaci yakan tausa tsoka, ya motsa gaɓoɓin baya da hannu a hankali. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa cikin hanyoyin da za a iya bi, tare da motsa jiki. Amma a sani, sauƙin tausa na ɗan lokaci ne. Amfaninta shi ne ciwon ya lafa har mutum ya iya tafiya da yin atisayen da aka koya masa. Wanda aka yi wa tausa ya koma ya kwanta kan tabarma mako guda, bai yi wa bayansa adalci ba. Hukumar ba ta goyi bayan ɗaura bel a ƙugu ba, haka ma shan ƙwayoyi irin su tiramadol.

Ita kuwa na'urar motsa ƙwaƙwalwa, ana manna wayoyi biyu a fatar kai, a saki lantarki kaɗan na kimanin minti 20. Dalili shi ne ciwon da ya daɗe yakan sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jin zafi fiye da kima ko da raunin ya warke. Sai dai wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 135, wanda aka buga a 2015, bai nuna ta rage ciwon baya ba. Don haka kada a sayar da akuya a bi mai tallar ta.

Mai ciki kada ta bari a danna mata baya da ƙarfi, kuma kada ta sha maganin ciwo sai ta tambayi ungozoma. In akwai zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa, ko fitsari da bayan gida na zubowa ba a sani ba, a bar tausa, a garzaya asibiti ranar.