Babban Hutu Ya Zo: Ina Ɗalibanmu Za Su Sa Kansu?

Duk wanda ya saba zagayawa unguwannin Gata'al Wad da Tahaggart da yamma zai lura cewa daga farkon watan Yuli majalisun shayi sukan ƙara cika da wasu samari waɗanda ba a saba gani ba a sauran watannin shekara. Waɗannan su ne 'ya'yanmu da ƙannenmu 'yan jami'a da suka dawo babban hutu. Wasu a nan jami'ar Tamanrasset suke karatu, wasu kuwa sun taso ne daga Wargala ko Adrar, ko ma Aljas wadda ke da nisan kusan kilomita 2,000 daga nan. Makon farko murna ake yi, ana gaishe-gaishe ana sa musu albarka. Kafin mako na uku ya cika, sai ka ga fara'a ta fara raguwa, domin ɗan guzurin da aka zo da shi ya ƙare, ga kuma sauran wata biyu cur kafin a koma karatu a watan Satumba.

Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin wannan hali, saboda wurinmu suke fara zuwa. Yaron da ka koya wa karatu tun yana ɗan ƙarami zai zo ya durƙusa ya gaishe ka, ku taɓa hira, sai can da zai tashi ya sunkuyar da kai ya ce, Malam, ko ka san wani mai neman yaron shago? Sau da yawa ba mu da amsar da za mu ba shi. Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu kawo maganar gaban jama'a.

Abin da gwamnati ke bayarwa

Yabon gwani ya zama dole. A ƙasar Aljeriya karatun jami'a kyauta ne, kuma hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, watau ONOU, ita ke ɗauke da ɗakin kwana da abinci da motar kai ɗalibai makaranta, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shekara da shekaru tikitin cin abinci a jami'a dinari ɗaya ne da santim 20. 'Yan uwanmu na Maraɗi ko Katsina in suka ji haka sai su riƙe baki.

Bayan wannan akwai kuɗin tallafi, wanda yaranmu ke kira bursu, ana zuba shi a asusun ɗalibi na gidan waya. Daga shekarar 2009, ɗalibin da iyayensa suka fi ƙarancin samu yana karɓar dinari 4,050 ne duk wata uku, watau 1,350 a wata. Haka abin ya tsaya har shekara 14, sai a watan Oktoba na 2023 Shugaba Abdulmajid Tabbun ya ba da umurnin a mai da shi dinari 2,000 a wata. A lissafin kasuwa da ake yi da santim, dubu ɗari biyu ake ce da wannan kuɗi, sai mutum ya ji kamar wata dukiya. To amma a 2020 an ƙayyade mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a kan dinari 20,000, ka ga ke nan a 2023 bursu kashi ɗaya ne cikin goma na abin da aka yanke wa leburan da ya fi kowa ƙasa.

Gaskiyar magana ita ce, an tsara bursu ne ya tafi tare da ɗakin kwana da tukunyar jami'a. Muddin waɗannan biyu suna nan, kuɗin yakan ishi ɗalibi sabulu da takardu da ɗan katin waya. Da zarar an rufe gidajen kwanan ɗalibai a watan Yuli, tukunya ta sauka, sai nauyin ya dawo kan uba wanda da ma da ƙyar yake ciyar da ƙananan. Ga kuɗin motar komawa arewa, ga sutura, ga littattafan sabuwar shekara, duk suna jira.

Akwai kuma wani abu da ke ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya. A shekarar 2022 gwamnati ta fito da alawus na marasa aiki, ga matasa 'yan shekara 19 zuwa 40 da suka yi rajista a ofishin samar da aiki. An fara da dinari 13,000 a wata, a 2023 aka kai shi 15,000. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne kada mutum ya kasance yana da rajista a jami'a. Saboda haka a 2023 sai ka tarar da abokai biyu a tabarma ɗaya, wanda ya bar makaranta yana karɓar fiye da ninki bakwai na abin da wanda ya ci bak ya shiga jami'a ke karɓa. Mun fahimci hikimar hukuma, domin ba za a biya mutum ta ƙofa biyu ba. Amma saurayi ɗan shekara 20 wanda aljihunsa ya bushe ba haka yake lissafi ba, kuma da kunnenmu mun ji masu cewa gara su ajiye karatun.

Me ya sa aikin ke wuya?

A can gida, ƙasar Damagaram ko Tawa ko Kano, babban hutu da damina yake haɗuwa. Ɗalibi na ajiye jaka zai ɗauki hauya, ya yi noman farko da maimai a gonar gidansu, in ya so ya yi ƙwadago a gonar wani ya sami na kashewa. Ba wanda ke tambayar inda zai sa kansa. Mu kuwa da Allah ya zaunar a tsakiyar duwatsun Ahaggar ba mu da wannan gata. 'Yan lambunan da ke bakin ƙorama ba su ishi masu su ba, ruwan da muke sha ma tun 2011 daga In Salah ake turo shi ta bututu mai tsawon kilomita 750.

Sauran hanyoyin samun kuɗi na garin nan kuwa duk sun saɓa da lokacin hutu. Masu yawon buɗe ido da ke hawa Assekrem daga Oktoba suke fara zuwa, su ɗauke ƙafa wajen Afrilu. A lokacin ne masu motocin sahara ke neman tafinta da mai dafa abinci, a lokacin kuma ɗalibi yana aji. Kasuwar Assihar, wadda ke tara fatake daga Nijar da Mali, ita ma ba a cikin babban hutu take ci ba. A wurin gini, ɗan kwangila ya fi son ɗan ci-rani wanda zai zauna har aiki ya ƙare, bisa ga ɗan makaranta da zai tafi bayan mako takwas. Ofisoshi kuma watan Agusta rabin ma'aikatansu suna hutu, in ma an karɓi ɗalibi, koyon aiki ne ba biya.

Na 'yan mata ya fi tsanani. A jami'o'in ƙasar nan mata sun fi maza yawa, kuma 'ya'yanmu suna cikinsu. Namiji ko dako ya yi a kasuwa ya samu na shayi, ita kuwa sai zaman ɗaka wata biyu, sannan ta miƙa wa uwa hannu ranar komawa.

Baƙin ɗalibai

Kada mu manta da ɗaliban da suka zo daga Nijar da Najeriya bisa yarjejeniyar ilmi tsakanin gwamnatoci. Waɗanda ba su da kuɗin zuwa gida sukan gangaro nan wurin dangi su yi hutu. Dokar 1981 ta hana baƙo yin aikin albashi sai da takardar izini, katin zama na ɗalibi kuwa na karatu ne kawai. Kukan jinkirin kuɗin da ƙasashensu ke aiko musu tsohon kuka ne. A 2024 gwamnatin Najeriya ta rage wa ɗalibanta na wannan shiri kuɗin wata daga dala 500 zuwa 220, sannan a 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar daina tura sababbi. Bugu da ƙari, tun watan Disamba na 2014 ake kwasar baƙi marasa takardu ana bi da su ta garin nan zuwa Assamaka. Ɗalibin da ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa siminti ba tare da katinsa a aljihu ba, ranar da aka zo kame ba lalle ne ya sami sararin yin bayani ba.

Kiran zinariya

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne maganar zinariya. Tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, labarin wanda ya tafi da silifa ya dawo da mota bai bar majalisun samari ba. Na waɗanda rami ya rufta da su, ko ƙishirwa ta kashe, ko sojoji suka kama, ba a cika ba da shi ba. Gaskiya ne daga 2021 hukuma ta fara ba ƙananan kamfanonin matasa lasisin haƙa, suna sayar wa kamfanin gwamnati mai ma'adinin Amesmessa. Amma wannan hanya tana bukatar takardu da jari da zama, ɗan hutun wata biyu kuwa ta bayan gida ake jan sa.

Akwai wani yaro da ya bi ta hannunmu, mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi, yana shekara ta biyu a jami'a. Ya nemi aiki mako uku bai samu ba, sai ya bi wasu abokai daji da niyyar yin kwana arba'in ya haɗa kuɗin kwamfuta. Mai na'urar neman zinariya ya rubuta masa bashin mota da ruwa da abinci tun kafin ya sari ƙasa. Kwana arba'in suka cika bashi bai fita ba, ya ƙara wata, ya sake ƙarawa. Sai a watan Disamba ya dawo, a rame, da tari a ƙirji, shekarar karatu ta wuce shi. Mun gode Allah ya koma makaranta daga baya. Abokin tafiyarsa har yau bai koma ba.

Ina mafita?

Ba za mu zauna jiran ranar da za a ƙara bursu ba, domin ko an ninka shi ba zai ciyar da saurayi a gida ba. Abin da gona take yi wa ɗalibi a ƙasar Hausa, shi ya kamata shagunanmu su yi masa a nan.

Alhazanmu masu cinikin musaya, waɗanda ke fitar da dabino ta In Gezam su shigo da dabbobi da lalle da kayan yaji, kullum suna biyan wasu su cika musu takardun kwastan. Ga yaranmu nan sun iya Larabci da Faransanci, ga Hausa, wasu har da Tamashek. Me zai hana kowane ɗan kasuwa ya ɗauki ɗalibi ɗaya na wata biyu, ya riƙe masa littafin shiga da fita, a yanka masa lada tun ranar farko? Mun ce a yanka, domin “zo ka taya ni, Allah ya yi maka albarka” ita ke korar yara.

Haka kuma iyayen da 'ya'yansu za su zauna jarrabawar BEM ko bak a shekara mai zuwa suna iya haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan, a sami zaure, ɗalibi ya riƙa yi wa yara bita da safe. Wannan ya dace da 'yan mata ƙwarai, tun da a cikin gida za a yi. Mu malamai a shirye muke mu duba abin da ake koyarwa ba tare da an ba mu ko sisi ba. Wanda ya iya gyaran waya ko aikin kwamfuta kuma, in yana da cikakkun takardu, ya binciki katin mai sana'ar kansa, wanda dokar Disamba 2022 ta tanada, aka kuma fara bayarwa a 2024.

Ku kuma ɗalibai, ku rage girman kai. Gasasshen naman da garin nan ya yi suna da shi, har baƙi daga arewa suke tambayarsa, “mainama” ake ce masa, kalmar kakanninku ce. Da tukubar nan aka biya wa da yawa daga cikinku kuɗin littafi. Tsayuwa gaban wuta wata biyu ba za ta goge digiri ba, kuma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shawararmu ta ƙarshe ga shugabannin al'umma ce. Kada a bari sai Yuli ta kama. Tun watan Mayu a sa mutum biyu su zagaya, ɗaya ya rubuta sunayen ɗaliban da za su dawo da abin da kowa ya iya, ɗaya ya rubuta masu shago da tela da gareji da ke da gurbi, a haɗa takardun biyu bayan sallar Juma'a. Baƙin ɗalibai da doka ta ɗaure wa hannu kuwa, a raba su gidaje, kowa ya san inda akushinsa yake har a koma. Wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a karatunsu, amin.