Ki Nema Masa Abokan Tafiya

'Yan'uwana mata na Talata Mafara da Bakura da Maradun, yau ina so mu taɓa wata magana wadda mu kan rufe ƙofa kafin mu yi ta, watau maganar mai shan giya a cikin gida.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta same ni da magariba. Bayan mun gaisa sai ta yi shiru, can ta ce, "Malama, shekara bakwai ke nan ina rufa wa maigidana asiri, yau na gaji." Ta ce ya rantse ya bari har sau uku, an yi rubutu ya sha, an kai ƙara wurin wansa, amma ko wane lokaci ba ya wuce wata guda sai ya koma. Na tambaye ta, "To, da wa ya ke zama da dare in ya bari?" Ta ce, "Ba kowa. Abokansa duk na can ne."

To, a nan cutar ta ke. Tun shekarar 2000 da aka fara aiki da Shari'a a Jihar Zamfara an hana sayar da giya da shanta, hukuncin mashayi Musulmi kuwa bulala tamanin ne. An rufe gidajen giya, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu sai ya koma sha a ɓoye, ga tsoro ga kunya, ba wanda zai gaya wa. Ranar da ya bari kuwa, ya rabu da majalisarsa ke nan, kaɗaici ya mai da shi inda ya fito.

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, waɗansu mashaya biyu suka haɗu, Bill Wilson ɗan kasuwa da Bob Smith likita. Suka lura in sun zauna suna gaya wa juna abin da giya ta yi musu, sai su iya wuni ba su sha ba. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau taron mashaya wanda ba a bayyana sunan kowa, ta kuwa bazu a ƙasashe da yawa. Dokokinta kaɗan ne. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗaki ya ke tsayawa. Ba a yin alkawarin shekara, sai dai mutum ya ce yau ɗaya ba zan sha ba, gobe kuma ya sake. Ku da ku ka san adashi ba za ku sha wuyar ganewa ba: kowa ya zuba, kowa ya kwasa, sai dai a nan labari a ke zubawa, ƙarfin zuciya a ke kwasa.

Yaya za ki samo wa naki irin wannan zama? Kada ki jira ki ga an kafa allo a bakin kasuwa ranar Talata, don ba shela a ke yi ba. Ki fara da asibiti. Wannan kuwa lalle ne, domin wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke gaba ɗaya, cikin kwana biyu ko uku ya kan yi makyarkyata da zufa, wani har ya riƙa gane-gane ko ya faɗi kamar mai farfaɗiya, a kan kuwa rasa rai a haka. Ku je Babban Asibitin Talata Mafara ku gaya wa likita gaskiya. In abin ya yi nauyi, akwai Asibitin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato, inda a ke kula da masu shaye-shaye. Kada sunan asibitin ya ba ki tsoro. Hukumar NDLEA ma ta buɗe layin waya kyauta a 2022 don ba da shawara a asirce.

Sa'an nan ki roƙi likitan ko ma'aikacin jinya ya haɗa shi da wani wanda ya riga shi bari. In an sami mutum biyu, taro ya samu, tun da ya ke da biyu aka fara a Akron. Su sa rana ɗaya a mako, a zaure ko ɗakin wani amintacce, da shayi da tabarma. Malami mai riƙon amana yana iya ba su wuri, amma ya bar su su yi maganarsu. Nasiha tana da ranarta dabam.

Ke kuma fa? A 1951 Lois, matar Bill Wilson, ta taimaka wajen kafa irin wannan taro na iyalan mashaya, mai suna Al-Anon, don ta ga matan ma sun jikkata. Ki nemi mace ɗaya wadda ta sha irin wuyarki ku riƙa zama. Ba ke ki ka sa shi sha ba, ba kuwa ke za ki iya hana shi da ƙarfi ba. Ki daina biyan bashin giyarsa, ki daina yi masa ƙarya wurin aiki. In ya fara duka, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi wurin magabatanki, wannan ba tonon asiri ba ne. In kuwa ke ce mai shan, ko giya ko maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018, hanyar duk ɗaya ce.

In ya koma ya sha bayan wata uku, kada ki ce aikin banza aka yi. Ki tuna masa ranar zamansu, ki ajiye masa ruwan wanka, ya tashi ya tafi. Allah Ya shirye mu da namu baki ɗaya, amin.